TSUNTSUN SHA-FURE DA ASIRIN RABON ARZIKI

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu karkata ga wata 'yar ƙaramar halitta wadda ba ta zaune a ƙasashenmu, amma sha'anin cin abincinta cike ya ke da wa'azi ga duk mai neman arziki. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya kawo zancen tsuntsu filin addini, alhali ga mas'alolin tsarki da salla da azumi? Sai mu tuna masa cewa tuntuntuni a kan halitta shi ma ibada ne. A ƙarshen Suratu Ali Imrana, aya ta 190 da ta 191, Allah Ya yabi ma'abota hankali saboda suna haɗa ambatonsa da tunani a kan halittar sammai da ƙasa. A Suratul An'ami kuwa, aya ta 38, Ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye su ma al'ummomi ne kamarmu. Magabata sun fahimci haka, shi ya sa Al-Jahiz na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan, Ad-Damiri na Masar, wanda ya rasu a shekarar 1405, ya wallafa Hayatul Hayawan. Dukansu biyu ba su ambaci tsuntsun da za mu yi magana a kansa ba, domin a zamaninsu labarin nahiyar Amurka bai iso ƙasashen Musulmi ba.

WANE NE WANNAN TSUNTSU?

Larabawan yau suna kiransa Aɗ-Ɗannan, watau mai gunji irin na ƙudan zuma, saboda ƙarar da fukafukansa ke yi. Faransawa suna ce masa kolibiri, mutanen Barazil kuma suna kiransa da sunan da ke nufin mai sumbatar fure. Mu a wannan fili za mu kira shi sha-fure. Ba a samunsa ko'ina sai a nahiyar Amurka, tun daga Alaska a can arewa har ƙarshen kudancin Ajantina da Chile, kuma irinsa ya haura 350. Inda suka fi yawa shi ne ƙasashen tsaunukan Andis, kamar Kolambiya da Ikwado da Peru. Kada mai karatu ya ɗauka shi ne ɗan tsuntsun nan mai ƙyalli da mu ke gani a kan itatuwanmu, wanda a ke kira sha-kauci. Sana'arsu ɗaya, amma danginsu dabam, kuma namu ya fi sauka a kan reshe kafin ya sha.

Mafi ƙanƙanta cikinsu yana tsibirin Kyuba. Tsawonsa bai wuce santimita 6 ba, nauyinsa kuwa wajen giram 2, watau ƙwayar sukari guda da a ke jefawa a shayi ta fi shi nauyi. Shi ne mafi ƙanƙantar tsuntsu a duniya. Mafi girmansu, na tsaunukan Andis, nauyinsa wajen giram 20 ne kawai. Ƙananan cikinsu suna kaɗa fukafukai har kusan sau 80 a cikin sakan ɗaya, suna iya tsayawa cik a iska, suna kuma iya tashi da baya. Bugun zuciyar wasunsu a lokacin tashi yakan wuce sau 1,000 a minti ɗaya. Wanda ya ga wannan tsayuwa a sarari, lalle ya tuna Suratul Mulki aya ta 19 da Suratun Nahli aya ta 79, inda Allah Ya ja hankalinmu ga tsuntsayen da ke shawagi, Ya ce babu mai riƙe su sai Shi.

To, jikin da ke aiki haka tilas ya ci mai kamar fitila. Abincinsa shi ne ruwan zaƙin da ke cikin fure, wanda Larabawan yau ke kira rahiƙ, kalmar da ta zo a Suratul Muɗaffifina aya ta 25 wajen siffanta abin shan Aljanna. A yini guda yakan sha ruwan da ya fi nauyin jikinsa, ya zagaya ɗaruruwan furanni, ya kuma haɗa da ƙananan ƙwari domin gina jiki da ciyar da 'ya'ya.

KOWANE BAKI DA FURENSA

Furannin da wannan tsuntsu ke sha suna da kamanni sanannu. Galibinsu dogaye ne kamar kakaki, ruwan zaƙin yana can ƙarshen ciki. Yawancinsu jajaye ne ko ruwan lemo, ba su da ƙanshi sosai, ba su kuma da faffaɗan leɓe inda ƙudan zuma zai sauka. Masana sun gano cewa ƙudan zuma ba ya rarrabe ja da kyau a cikin koren ganye, shi kuwa tsuntsu yana ganinsa sarai. Ashe ke nan launi da siffa sun zama kamar ƙofa, an buɗe ta ga wani baƙo, an ƙuntata ta ga wani.

Akwai wani iri a tsaunukan Andis, daga Benezuwela zuwa Bolibiya, wanda a ke kira mai bakin takobi. Bakinsa ya kai santimita 10, ya fi gangar jikinsa tsawo idan an cire bindi. Saboda tsawon bakin nan, idan ya sauka sai ya ɗaga shi sama don kada ya rinjaye shi, kuma ba ya iya gyara gashinsa da baki kamar sauran tsuntsaye, sai da ƙafa. Mai kallo zai ce an ɗora masa wahala. Amma a wannan daji akwai wata yaɗo mai suna Fasifulora wadda zurfin furenta ya yi daidai da bakinsa, babu tsuntsun da ke kai wa ga ruwanta ta ƙofa sai shi. Abin da ya yi kama da nawaya, shi ne mabuɗin rumbunsa. Akwai kuma wani mai baki lanƙwasasshe kamar lauje, wanda ke shan furannin Helikoniya, wani tsiro mai ganye irin na ayaba, waɗanda su ma a lanƙwashe su ke. Shi wannan ba ya cika tsayawa a iska ba, sai ya maƙale da ƙafa a jikin furen, ya zura laujensa.

Abin ya kai har tsakanin namiji da tamata na iri ɗaya. A shekarar 2000 wani masani Ba'amurke mai suna Ethan Temeles da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gani a tsibirin Sen Lusiya na tekun Karibiyan. Namijin wani sha-fure na can ya fi matar girman jiki, amma bakinsa gajere ne, miƙaƙƙe. Ita kuwa matar bakinta ya fi tsawo, ya fi lanƙwasa. A tsibirin akwai Helikoniya iri biyu, ɗaya mai gajeren fure wanda ya dace da namijin, ɗaya mai dogon fure lanƙwasasshe wanda ya dace da matar, kuma kowannensu ya fi saurin sha a furen da ya yi daidai da bakinsa.

Ya ɗan'uwa, dubi wannan ka auna kanka. Hassadar da ke cin zukatanmu a kasuwa da ofis da unguwa, mafarinta shi ne mutum ya bar furen da aka yi domin bakinsa, ya tsaya yana hangen na wani. Maƙeri yana ƙyashin ɗan kasuwa, ɗan kasuwa yana ƙyashin ma'aikaci, ma'aikaci kuma yana ganin manomi ya fi shi kwanciyar rai. Hausawa sun ce wani tsuntsu na gudun ruwa, agwagwa ruwa ta ke nema. Da mai bakin takobi zai nace sai ya sha furen mai bakin lauje, da ya kwana da yunwa. Wannan ba ya hana mutum neman ci gaba ko sake sana'a idan ya ga hali. Abin da shari'a ta hana shi ne burin gushewar ni'ima daga hannun ɗan'uwa, da raina baiwar da Allah Ya ba ka.

HARSHE DA MA'AUNIN ZAƘI

Shekaru masu yawa masana suna zaton harshen wannan tsuntsu yana jan ruwa ne kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A shekarar 2011 Alejandro Rico-Guevara, mutumin Kolambiya, da Margaret Rubega, a Jami'ar Connecticut ta Amurka, suka ɗauki hoton harshen da na'ura mai saurin ɗauka, suka ga abin ba haka ya ke ba. Kan harshen a rabe ya ke biyu, yana da wasu 'yan geza-geza. Idan ya shiga ruwa sai su buɗe, idan ya janye sai su naɗe su kamo ruwan. A shekarar 2015 suka ƙara bayyana cewa tsuntsun yana matse harshen da baki yayin fitar da shi, da ya taɓa ruwa sai ya kumbura ya cika, kamar ɗan famfo. Wannan kuwa yana faruwa fiye da sau 10 a cikin sakan ɗaya. Masana sun yi shekaru fiye da 100 a kan zato na farko, alhali harshen bai kai tsinken ashana kauri ba. Wannan kaɗai ya isa ya koya wa mai ilmi tawali'u.

Shi kansa ruwan zaƙin a kan ma'auni ya ke. Sukarin da ke cikin ruwan furannin sha-fure galibi kashi 20 zuwa 25 ne cikin 100, ya fi na furannin ƙudan zuma tsinkewa. Da ya yi kauri ainun, da shansa ya yi nawa, tsuntsun kuwa yana ƙona ƙarfinsa a tsaye cikin iska. Da ya tsinke ainun, da ya cika ciki da ruwa bai sami ƙarfi ba. Haka kuma yawansa: fure ɗaya ba ya ba shi abin da zai ƙoshi, sai ɗan ɗigo, don haka dole ya tashi ya nufi na gaba. A wannan tashi ne garin barbara da ya manne masa a goshi ko a baki ke isa ga wani fure, tsiron ya yi 'ya'ya. Da fure guda zai ƙosar da shi, da barbara ta tsaya, zuriyar tsiron ta yanke, shi ma jikokinsa su rasa abinci. Suratul Ƙamari aya ta 49 ta sanar da mu cewa kowane abu da gwargwado aka halitta shi, a Suratush Shura aya ta 27 kuma Allah Ya nuna cewa da Ya shimfiɗa wa bayi arziki babu ƙaidi da sun yi ɓarna a ƙasa, shi ya sa Ya ke saukar da shi bisa ma'auni. Wanda abincinsa ke zuwa kaɗan-kaɗan, na yau dabam na gobe dabam, kada ya ɗauka an manta da shi.

Masana ilmin halittu suna bayyana wannan dacewa da cewa tsuntsun da furen sun yi ta daidaituwa da juna cikin zamani mai tsawo. Musulmi ba ya tsoron binciken sababi, domin sanin yadda girgije ke haɗuwa bai taɓa hana shi roƙon ruwa ba. Abin da ya ke riƙe da shi shi ne, sababi ba ya ƙagar kansa, yana da Mai sabbaba shi.

TAWAKKALI DA FITA NEMA

Yadda aka rarraba ruwan zaƙi a daji shi ke tsara halin tsuntsun. Inda furanni suka taru wuri guda da ruwa mai yawa, sai ka ga ɗaya ya kafa iko, yana korar duk wanda ya matso. Idan ruwan ya ragu har gadin ya fi ribar tsada, sai ya bar wurin. Inda kuwa furanni suka warwatsu nesa da juna, akwai masu dogon baki da ke bin hanya ɗaya kullum, daga wannan tsiro zuwa wancan, kamar ɗan koli mai bin kasuwannin ƙauye. A shekarar 2015 wasu masana da suka yi bincike a ƙasar Kosta Rika suka bayyana cewa wata Helikoniya ta can ta fi karɓar barbara idan irin waɗannan matafiya masu dogon baki ne suka ziyarce ta suka zuƙe ruwanta sarai, su ne kuwa ke kawo mata gari daga tsiro mai nisa.

A shekarar 2006 kuma aka bayyana sakamakon wata jarrabawa da aka yi a tsaunukan yammacin Kanada. An ajiye wa wani jan sha-fure furannin roba guda 8. Huɗu ana sake cika su da ruwan sukari bayan minti 10, huɗu kuma bayan minti 20. Tsuntsun ya gane bambancin, ya riƙa komawa ga na farko da wuri, yana jinkirta wa na biyu. Watau yana tuna wurin kowane fure, da lokacin da ya sha shi, da lokacin da ya kamata ya koma.

A nan ne ya kamata mu tsaya a kan hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kafa misali da tsuntsaye wajen dogaro ga Allah, yadda su ke sammako da yunwa su komo da yamma a ƙoshe. Da yawa daga cikinmu sun riƙe ƙoshin sun manta da sammakon. Malamai sun yi bayani cewa hadisin hujja ne a kan fita nema, domin ba a ce abinci yana iske tsuntsu a sheƙa ba. Ga sha-fure nan, ba shi da rumbu ba shi da asusu, kamar halittun da Suratul Ankabuti aya ta 60 ta ce ba sa ɗauke da guzurinsu, amma ba ka samunsa zaune a gindin itace yana cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Yana tashi da asuba, yana lissafin lokaci, yana sanin inda zai je. Saurayi mai lafiya da ya wuni a majalisa yana jiran abin hannun wani, ya kira wannan tawakkali, ya sani ya ba tawakkali sunan da ba nasa ba. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Yana kuma da tattali. Da dare, lokacin da ba ya iya nema, wasu irinsa sukan sassauta bugun zuciya da zafin jiki har su zama kamar matattu. A shekarar 2020 masana suka bayyana cewa sun auna wani a tsaunukan Peru, zafin jikinsa ya sauka daga wajen digiri 40 zuwa ƙasa da digiri 4, gari na wayewa ya farfaɗo ya tashi. Wani iri kuma mai jan maƙogwaro, kafin ya ƙetare tekun Meziko, tafiyar wajen kilomita 800 babu sauka, sai ya yi ta ci har nauyinsa ya kusa ninkawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mai hankali ya san wace tafiya ce ke gabanmu duka.

MASU SHIGA TA BAYAN GIDA

Tsakanin fure da tsuntsu ciniki ne: sha ka ɗauki saƙo. Amma akwai waɗanda ba sa bin ƙofa. Wasu tsuntsaye masu gajeren baki, har da wasu daga dangin sha-fure, da wasu manyan ƙwari, sukan huda gindin furen daga waje su zuƙe ruwan, ba su taɓa garin barbara ba. Sun sha, furen bai amfana da kome ba. Su dai babu alhaki a kansu, domin ba a ɗora wa dabba shari'a ba. Mu ne aka ɗora wa.

Ma'aikacin da ke karɓar albashi cikakke a ƙarshen wata, alhali bai zauna a kan aikinsa ba, ya huda fure ta gindi. Haka ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin gina asibiti ko makaranta ya yi aikin da damina ɗaya za ta rushe, da mai awon da mudunsa na saye dabam na sayarwa dabam, da malamin da ke cin haƙƙin yara bai koya musu kome ba. Surar nan da ta ambaci rahiƙin Aljanna, da narkon azaba ga masu tauye ma'auni ta fara. Wanda ke fatan shan na ƙarshen, to, ya tsare kansa daga na farkon. Arzikin halal shi ne wanda ka shiga ta ƙofarsa, ka ɗauki naka, ka bar wa wanda ka karɓa daga hannunsa amfani. Duk ƙasar da masu hudawa suka rinjayi masu bin ƙofa, bishiyarta za ta daina 'ya'ya, kuma yunwar da za ta biyo baya ba za ta ware ɓarawon ba.

Daga ƙarshe, tun da rayuwar tsuntsu a ɗaure ta ke da ta fure, wanda ya sare dajin ya yanke abincin duka biyun. Wannan gaskiya ce a Andis, gaskiya ce kuma a nan inda sha-kauci da ƙudan zuma ke yi wa itatuwanmu irin wannan hidima. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah Ya yarda da shi, cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba ta ci daga gare shi, ana rubuta masa ladan sadaka. Wanda ba shi da kuɗin yin sadaka, ga ƙofa a buɗe: dashe ɗaya a ƙofar gida ko a bakin gona, a ba shi ruwa har ya kama.

Muna roƙon Allah Ya sa mu cikin masu gani su wa'aztu. Ya buɗa mana ƙofofin halal, Ya tsare mu daga haram, Ya ba mu wadatar zuci da ƙarfin nema, Ya raba mu da hassada da cin amana. Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya shayar da mu daga abin shan Aljanna. Amin.